Ranar da Hawainiya Ta Yi Gudun Ɗari da Talatin da Biyu

Duk garin Ol Kalou babu wanda bai san motar Kibicho ba. A-kori-kura ce fara, tana kwasar kabeji da dankali daga gonaki zuwa kasuwar Nakuru. Hawainiya ake ce mata, kuma ba shi ya raɗa mata sunan ba. Wata rana ce wani mai keke ɗauke da garwar madara biyu ya wuce ta a kan hawa, har ya waiwayo ya tambayi Kibicho ko yana da saƙon da za a kai masa gaba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haɗiye wannan magana, ta ƙi wucewa.

Ranar Laraba da safe ya fito da shilin dubu takwas a cikin wayarsa, kuɗin tayoyin baya guda biyu, na hannu. Tsofaffin sun goge kamar tafin hannu, har zare ya leƙo, ga lodin kabeji yana jiransa ranar Juma'a. Matarsa ce ta turo masa daga cinikin madararta, ta kuma rako shi har bakin ƙofa.

"Baban Gathoni, taya na ce. Ba fenti ba, ba gasasshen nama ba. Taya."

Mai tayoyin bai buɗe ba tukuna, sai ya tsaya rumfar shayin Maman Wacera. Ya tarar da Ndegwa a kan benci, direban wata sabuwar babbar mota, wanda ba ya iya gaisuwa sai ya haɗa da tsiya.

"A'a, har ka iso? Jiya ka taso ke nan."

Kibicho ya tsoma mandazi, irin fankensu, a shayi, sai wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga wata lamba da bai sani ba:

"SANARWA TA ƘARSHE. Kyamarar hanya ta kama motarka tana gudun kilomita 132 a awa tsakanin Gilgil da Nakuru. An ci ka tarar shilin 7,500. Ka biya kafin ƙarfe 12 na rana, in ba haka ba a kama motar a kai ka kotu. Latsa nan, ko ka kira wannan lamba."

Da wani ne, gabansa zai faɗi. Shi kuwa Kibicho bai ga kotu ba, bai ga tara ba. Ɗari da talatin da biyu kawai ya gani. Ya karanta sau uku, mandazin ya narke ya faɗa cikin kofi bai sani ba. Allurar nuna gudun Hawainiya ta mutu tun zamanin da 'yarsa Gathoni ke rarrafe, don haka wa zai rantse ba ta yi ba? Ya ma tuna wata gangara a makon jiya, iska na bayansa, birki ya ɗan yi nawa, har hularsa ta tashi.

Ya gyara zama.

"Ndegwa, wannan motar taka, nawa take yi in ta matsu?"

"Ɗari da goma, da kaya."

"Ayya. To, ai tana ƙoƙari."

Ya miƙa masa wayar. Ndegwa ya karanta, fuskarsa ta ɗan canza, sannan ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Hawainiya? Sai dai in daga kan dutse ta faɗo."

"Gwamnati ce ta auna, ba ni ba."

"To ka biya mana. In ka kawo rasit mai hatimi na gani da idona, na daina ce mata Hawainiya, shayinka na wata guda kuma a wuyana."

Maman Wacera tana fifita gawayi, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baban Gathoni, saƙon ya faɗi lambar motarka?"

"Me za su yi da lamba? Duk ƙasar nan an san ta."

"Haka ne kuma. Sha shayinka, zai huce."

Bai sha ba. Ya tafi ya shiga mota, ya ja ƙofar sau biyu kafin ta kama. In ya biya dubu bakwai da ɗari biyar, babu taya, babu lodin Juma'a, sai fuskar Maman Gathoni. In bai biya ba, babu rasit. Ya riga ya hango rasit ɗin cikin leda, manne a gilashin gaba, inda kowane mai keke zai karanta.

Sai dai Kibicho tunda aka haife shi bai taɓa biyan farashin farko ba. Ko da aka cire masa haƙori sai da ya nemi ragi, wai ai haƙorin ya riga ya yi girgiɗi. Wayarsa kuma ƙarama ce mai maɓallai, ba ta shiga intanet balle ya latsa. Ya kira lambar.

Ko gama ƙarar farko ba ta yi ba aka ɗauka.

"Ofishin tara, Sufeto ke magana. Barka da safiya, Baba."

Can bayan muryar wani zakara ya yi cara.

"Ranka ya daɗe, ni ne mai motar nan ta ɗari da talatin da biyu."

"Yawwa, fayil ɗinka ne ma a gabana. Mece ce lambar motar?"

"Kyamarar ba ta gani ba?"

"Gudun ya yi yawa, Baba. Hoton ya dushe."

Kibicho ya lumshe ido, ya shafa sitiyari kamar mai shafa wuyan saniya. Ya faɗi lambar a hankali, harafi bayan harafi.

"To, ranka ya daɗe, a duba mini. Kabeji nake ɗauka, ba zinariya ba."

"Saboda girmanka, kawo dubu biyar."

"Dubu biyar a wannan damina?"

"To dubu uku."

"Matata ce mai kuɗin, kuma ba ka san ta ba."

"Dubu da ɗari biyar, Baba, amma yanzu-yanzu, kafin shugabana ya shigo. Ka tura ta wannan lambar. Sunan Jacinta zai fito, akawunmu ce."

Dubu da ɗari biyar. Taya ɗaya da rasit ke nan, ɗayar kuma a lallaba ta da addu'a. Kibicho ya ga ciniki na tafiya kamar ruwa a gangara, sai ya ce bari ya roƙi gyara, yadda ake yi wa mai tumatir.

"Wajen rubuta rasit ɗin, ba za a iya cika shi ɗari da arba'in ba? Don ya yi daɗin faɗi."

"Babu damuwa, Baba."

"Da hamsin fa?"

"Ko ɗari da tamanin kake so sai a rubuta. Tura kawai."

Nan ne Kibicho ya fara shakka.

Shekara talatin yana kan hanya, ya san gwamnati kamar yunwar cikinsa. Bai taɓa kiran wani ofis an ɗauka ba, balle a ƙarar farko. Wancan karon da ya je sabunta lasisi, kwana uku ya yi a layi saboda harafi ɗaya da ya karkace a sunansa, kuma babu wanda ya ce masa Baba ko da kuskure. Yau ga gwamnati tana rage dubu shida don an ambaci mata, tana ba da kyautar kusan kilomita hamsin, tana kiwon zakara a ofis, kuɗinta kuma yana shiga wayar Jacinta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

"Ranka ya daɗe, don kada a rubuta wa wani nasarata, motar da ke hoton ja ce ko?"

"Ja wur, Baba."

Kibicho ya leƙa ta taga ya dubi farin ƙarfen Hawainiya.

"Jakin da ke jan ta fa, ya fito sosai?"

Zakaran ya sake cara. Sai layin ya mutu.

Ya daɗe zaune. Dubu takwas ɗinsa na nan ko sisi bai fita ba, amma ji yake kamar an yi masa sata. A ƙarshe ya sauko ya koma rumfa, yana jan ƙafa.

"Ina rasit?" in ji Ndegwa.

"Ɓarayi ne."

Maman Wacera ta goge hannu a zani, ta ciro wayarta ta ajiye a gabansa. Saƙon ne sak, har ɗari da talatin da biyun.

"Tun asuba ya shigo mini. Ni kuwa ka san abin hawana, baron ɗebo gawayi. Na tura wa kamfanin waya lambar, na goge hannuna. Mai tarar gaske ya san lambar motarka, kuma in kana shakka ofishinsu za ka taka da ƙafarka ka tambaya."

"Kika bar ni ina ta cika baki?"

"Shekara goma sha ɗaya ban ga haƙoranka a rumfar nan ba. Na ce bari ka ɗan sha iska." Ta zuba masa sabon shayi. "Kai dai ka tsira. Wani jiya a kan bencin nan ya biya dubu bakwai da ɗari biyar cif, ko ragi bai nema ba. Har yanzu rasit yake jira."

Ba ta kalli kowa ba. Ndegwa ya duƙufa yana binciken ƙasan kofinsa kamar ya yar da allura a ciki.

Kibicho ya kurɓi shayi, ya ji sukari ya yi daidai.

"Ndegwa, ashe kai ma ɗari da talatin da biyu ka yi? To ai gudunmu ɗaya."

Kafin azahar Hawainiya ta sha tayoyinta biyu. Ranar Juma'a ta ɗauki kabeji har ya fi kanta tsawo, mai keken madara kuma ya wuce ta a inda ya saba. Saƙon dai Kibicho bai goge ba. In sun kai tsakiyar hawa ta fara tari, yakan karanto mata shi da ka, da ƙarfi, ko za ta ji kunya.