Ɗakin da Babu Mai Cewa Amin

Ranar Lahadi na dawo daga sujada raina a ɓace. Taron godiya aka yi, mai sanarwa ya yi ta kiran manya su tashi a gan su, ya tsallake ni, ni da in na buɗe taro da addu'a har mata kan share hawaye. Na ƙi abincin matata Rahila, na kishingiɗa da babbar rigata, barci ya sace ni.

Sai ga wani mutum tsaye a kaina. "Habila, taso."

"Dattijo Habila," na gyara masa. Ko dubana bai yi ba.

Ya kai ni wani birni mai rana tsaka, babu inuwa ko ta bango. Na ga mutane a kujerun gaba, ana kiran sunayensu a lasifika. Kowa sai ya miƙe ya ɗaga hannu, da ya nemi zama a sake kiransa. Gwiwoyinsu duk sun kumbura.

"Ranka ya daɗe, su wane ne waɗannan?"

"Waɗanda suka roƙa a san su. An amsa musu."

Can gaba wani ɗan kasuwa yana rarrafe, goye da bencin coci mai ɗauke da sunansa. Jagoran ya ce da hatsin da ya tauye wa gwauraye a mudu ya saye shi. Ga kuma wani fasto yana wa'azi a fili fetal. Marasa lafiyar da ya bari don yawon manyan taruka suka zo suka wuce, ba su gane shi ba.

Na ce a raina, ni dai ban cuci kowa ba.

Muka tsaya a ƙofar wani ɗan ɗaki. Ya ce, "Shiga ka yi addu'a. Shari'arka ke nan."

Saura kaɗan in yi dariya. Addu'a? Ni? Na shiga, ya rufe. Na gyara murya, na ce, "Ya Ubanmu Maɗaukaki," na dakata inda jama'a suka saba cewa amin. Shiru. Na ƙara murya. Shiru. Na lalubi kalma ta gaba, babu ita. Ashe duk shekarun nan da jama'a nake magana. Wanda yake jirana a ɗakin, ban taɓa zama da shi mu biyu ba. Na shiga dukan ƙofa. "Ku turo mini ko mutum ɗaya!"

"Akwai Ɗaya a ciki," in ji jagoran. "Bai ishe ka ba?"

Na farka sharkaf da gumi. Rahila tana tsaye da kwano. "Baban Tabita, wa za a turo maka?"

Na miƙe. Na tuɓe rigar, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na durƙusa da niyyar daga yau zan koya. Sai na lura na bar taga a buɗe, daidai inda Rahila za ta hango ni a durƙushe. Na tashi na rufe ta.

Na koma kan gwiwoyina. Abin da na samu a bakina kawai shi ne, "Yesu, ka taimake ni." Ba wanda ya ce amin. Na zauna a haka.