'Yan Sifilin Baba Injiniya

"Kar ki ɗaga ta! In ta bar kan bulon nan, mutuwa take yi."

Hannuna yana kan tsohuwar kwamfutar lokacin da Baba Injiniya ya daka mini tsawa daga kan gado. Tsawar ta fi ƙarfin ƙirjinsa, sai tari ya sarƙe shi. Gwaggo, matarsa, ta shigo da kofin ruwa tana watsa mini harara.

"Ke dai ba kya shigowa gidan nan sai kin tayar masa da tari."

"Gwaggo, shi fa ya kira ni."

"Ni na kira ta," ya ce bayan ya kurɓi ruwan. "Ƙyale ta. Gaggawa ce, haka Allah ya yi ta."

Tun ina firamare yake kira na Gaggawa. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Shekara talatin ya yi yana hawa turaku yana gyaran layin tarho, da ya yi ritaya kuma ya zauna da littattafai ya koya wa kansa rubuta manhajar kwamfuta. Shi ya fara ɗora yatsuna a kan kwamfuta. Na tafi jami'a na karanto ilimin kwamfuta har da takardar shaida, na dawo ina ganin babu wanda ya san komai a unguwar nan sai ni.

Manhajarsa ce take tuna wa iyaye ranar allurar rigakafi a ƙaramin asibitin unguwarmu. Kowace Litinin nas takan kawo masa sunayen sababbin jarirai ya shigar. Kowace safiya ƙarfe takwas kwamfutar ta lissafa waɗanda allurarsu ta zo, ta tura saƙo wayar uwa ko ta uba, sannan ta turo masa jimilla a tasa wayar. Shekara tara ke nan. Kuma duk wannan yana cikin kwamfuta guda, wadda batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin, tana zaune kan bulo biyu fanka na hura mata iska. Babu kwafi ko'ina a duniya.

Shekara biyu ina faɗa. Na je wurin Sista, shugabar asibitin, ya fi sau goma.

"Ai tana aiki," take cewa.

"Ran da ta daina fa?"

"Allah zai kiyaye."

"Sista, ku da kuke rubuta wa mutane a bango cewa rigakafi ya fi magani!"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a ɗakin ajiyarsu akwai maganin matsalar, shekara uku yana cikin kwalinsa. Wata ƙungiya ce ta kawo kyauta: baƙin akwati, bai kai batirin mota girma ba, da faifai biyu a cikinsa. Ana jona shi da waya ne a layin kwamfutoci, kowa ya riƙa ajiye aikinsa a ciki. Su kuwa sun ɗora butar shayi a kan kwalin, saboda tsayinsa ya yi daidai da soket.

Sai da likita ya fito daga ɗakin Baba yana girgiza kai, ya ce zuciyar ta gaji, sannan Sista ta sauke butar da hannunta.

"Ɗauki," ta ce. "Amma in saƙo ya tsaya ko na kwana ɗaya, ke za ki bi gida gida."

Shi ne na rungumo shi zuwa ɗakin Baba, na ajiye kan tebur kusa da tsohuwar kwamfutar.

"To, me za ki yi da rumbu?" ya tambaya.

"Ba rumbu kaɗai ba ne, Baba. Akwai 'yar ƙwaƙwalwa a cikinsa. Zan kafa wurin aiki a ciki: kayan rubuta manhaja, ma'ajiyar sunaye, da littafin da zai riƙa tuna duk gyaran da aka yi da wanda ya yi shi. Ko ni, ko wani bayana, mu shiga daga kowace kwamfuta mu yi aiki."

"Wato rumbu za ki mayar maƙera."

"Haka ne."

"Gwaggonki ma ta taɓa mayar da tayar mota kujera. Har yau bayana bai yafe mata ba."

"Ina jin ka," in ji Gwaggo daga tsakar gida.

Kwana biyu na yi a kansa, daga hantsi zuwa la'asar. Na fara da haɗa faifan biyu su zama tagwaye, duk abin da aka rubuta a ɗaya ya bayyana a ɗayan, in wannan ya mutu wancan ya riƙe. Na buɗe ƙofar shiga daga tawa kwamfutar, na sa mata kalmar sirri. Na keɓe wani ɗaki a cikin akwatin don aikin manhaja kaɗai, kada ya cakuɗe da sauran ajiya. Ƙwaƙwalwar akwatin ba irin ta kwamfutar Baba ba ce, don haka wasu kayan sai da ya haɗa su da kansa, yana tafiyar hawainiya, ni kuwa ina zagaya ɗakin ina tsaki. A ƙarshe na soka masa 'yar na'urar da ke ɗauke da layin waya a bayansa, wadda saƙo zai riƙa fita ta cikinta.

Baba yana kallo daga kan matashi uku. Barci ya ɗauke shi, ya farka, ya tambaya.

"Kayan aikin nan da kike zubawa, na wace shekara ne?"

"Na bana. Sababbi fil."

"Nawa na shekara tara ne."

"Shi ya sa nake canza su."

Ya lumshe ido yana murmushi, irin murmushin da ke ba ni haushi tun ina yarinya.

Rana ta uku na kwashe rubutun manhajar da sunayen yara zuwa cikin akwatin. Na ce ya fitar mini da jerin watan gobe. Ya yi 'yar ƙara, fitilarsa ta ƙifta, sai ga sunaye sun zubo reras, babu kuskure ko ɗaya a allo.

"Ya yi!" Na miƙe har kujera ta faɗi. "Baba, ya yi! Gwaggo, zo ki gani!"

"Nawa?" ya ce.

"Me?"

"Yara nawa?"

"Sittin da ɗaya."

"Tambayi tsohuwar kwamfutar."

Na tambaye ta don dai in rufe masa baki. Ta yi nishi, ta yi gurnani, ta kawo nata jerin. Casa'in da huɗu.

Na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi. Yara talatin da uku sun ɓace, kuma akwatin bai ce uffan ba.

"Ina 'yan sifili?" in ji Baba a hankali.

A ranar na fara jin sunan. Yaran da aka haifa a gida, sau da yawa sai bayan makonni ake kawo su asibiti. A tambayi uwa ranar haihuwa, ta san watan, ba ta riƙe ranar ba. To tun kafin a haife ni, nas-nas ɗin asibitin nan suna da dabararsu: su rubuta wata da shekara, a gurbin rana su sa sifili biyu. Kayan lissafin kwanan wata kuwa bai san wata rana mai suna sifili ba. Da Baba ya gano haka, sai ya buɗe cikin kayan da kansa ya ƙara layi uku, duk sifili ya zama sha biyar ga wata. Ba a cikin manhajarsa ya sa gyaran ba, a cikin kayan aikin ya binne shi. Ni kuma na zubar da tsohon na kawo sabo, sabon ya ga sifili ya tsallake shiru.

Kunya ta kama ni, sai ta juye ta zama faɗa.

"Me ya sa ba ka rubuta wannan a ko'ina ba? Shekara tara, Baba! Irin sakacin da nake magana ke nan!"

"Gaskiyarki," ya ce. "Ke kuma me ya sa ba ki ƙirga ba?"

Gwaggo ta ce, "Ɗaya da ɗaya, an yi kunnen doki."

"To abu mai sauƙi ne," na ce. "A hana su rubuta sifili."

Ya yunƙura zai tashi, Gwaggo ta danne kafaɗarsa.

"In kika hana su, ƙarya za su rubuta, Gaggawa. Ranar da ta zo bakinsu. Sifilin nan gaskiya ce, cewa yake ban sani ba. Kuma yaran nan su ne iyayensu ba sa zuwa sai an kira su. In an bar kowa, kar a bar su."

"Layi ukun suna ina?"

Ya kalli silin. "Wallahi na manta."

A daidai lokacin allon tsohuwar ya fara rawa. Na san alamar: in ta yi zafi takan ɗauke, kuma kwanan nan ba kullum take yarda ta dawo ba. Kayan aikin yana da fayil sama da dubu biyu. Zan iya ƙirƙiro nawa gyaran, amma Baba ya ce akwai wata ƙa'ida da ya sa game da yaran da aka kawo kafin sha biyar ga watan ta zo, kuma ita ma ta kwance masa.

"Gwaggo, fifita ta!"

Ta fizgi murfin kwalin akwatin ta shiga yi wa kwamfuta fifita da hannu biyu. "Shekara arba'in ban yi wa mai ita haka ba," take cewa.

"Baba, tuna wani abu. Kalma ɗaya da ka rubuta a wurin, in nema da ita."

Ya rufe ido. Numfashinsa yana fita da ƙyar. Na ɗauka barci ya sake ɗauke shi.

"Tela," ya ce. "'Yar tela. Ita ce ta farko da aka tsallake. Ƙyanda ta kusa tafiya da idonta."

Na rubuta kalmar, na saki nema. Allon ya yi duhu, ya dawo. Ya sake yin duhu. Sai ga shi: fayil guda, layi uku, a samansu ya rubuta, "Don 'yar tela. Kada a sake." Na ɗaga waya na ɗauki hoto. Ban kai ga saukar da hannu ba tsohuwar ta yi wata 'yar ƙara ta mutu. Ba ta ƙara tashi ba.

A wannan karon ban binne gyaran ba. Na sa shi a tsakiyar manhajar, inda makaho ma zai yi tuntuɓe da shi, da bayanin Baba a samansa harafi da harafi. Na rubuta jerin duk kayan aikin da lambar kowanne a fayil guda. Sannan na kafa gwaji: yaro ɗaya na ƙarya mai ranar sifili. Duk wanda ya taɓa manhajar nan gaba, in yaron nan ya ɓace daga jeri, akwatin zai ƙi karɓar aikinsa.

Na ɗora kwamfutata a kan cinyarsa. "Kai za ka danna."

Gwaggo ta riƙe masa wuyan hannu. Ya danna. Fitilar akwatin ta ƙifta, ta ƙifta, sunaye suka zubo.

"Nawa?" ya ce.

"Casa'in da huɗu."

"Ƙirga."

Na ƙirga da baki, ɗaya bayan ɗaya, yana bi na da leɓe. Da na kai casa'in da huɗu ya ɗaga hannu sama kamar ɗan dambe da ya yi kaye, yana dariya yana tari, Gwaggo tana tafi tana share ido da gefen mayafi.

"Rumbu ya zama maƙera," ya ce. "Je ki kai musu, kafin su mayar da butarsu."

Washegari na kafa shi a asibiti, kan kanta mai tsayi, da batirin da zai riƙe shi in an ɗauke wuta. Na buɗe wa Sista da nas biyu ƙofar shiga, kowacce da kalmar sirrinta. Sista ta shigar da jariri na farko da yatsa ɗaya, harshenta a waje. Da ta zo gurbin rana ta dube ni.

"Uwar ba ta sani ba."

"Sa sifili," na ce.

Baba ya ƙara kwana shida. Kowace safiya sai ya sa Gwaggo ta ɗora masa wayar a ƙirji, ya jira ƙarfe takwas. In ta yi ƙara ya ce, "Sun tafi," sannan ya yarda ya sha magani. Ranar Alhamis da asuba ya cika, kansa a kan cinyarta.

Da hantsi gidan ya cika da mata. Ina zaune kusa da Gwaggo a ɗakinsa, an naɗe shimfiɗar gadon, an kashe fankar. Sai wayar Baba ta yi ƙara a cikin zanenta. Ta ciro, ta miƙo mini.

"Karanta mini, Gaggawa. Idona ba ya gani yau."

"An tura saƙo sha huɗu," na karanta. "'Yan sifili tara."

Ta gyaɗa kai. Ta karɓi wayar, ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta miƙa hannu ta ajiye ta a kan bulo biyun nan da ke kan tebur.