Gwiwar Hannun Nabla

A kan kantar kwanonin Nabla, tsakanin butar shayi mai tsagaggen baki da hoton Maryamu, akwai wata lambar azurfa da ba ta fi murfin kwalba ba. Shekara arba'in da shida ke nan tana goge ta duk Asabar. Ta ci ta ne a gasar waƙa ta gunduma tana 'yar shekara goma sha biyu, kuma duk wanda ya shiga kicin ɗin nan, ko da mai duba mitar lantarki ne, sai ya ji sunan wadda ta zo ta biyu: Sorcha, 'yar Dinny mai gidan waya.

To, ita wannan Sorcha ita duniya ke yayi yanzu. Ba ta ma cika hawa dandamali ba. Ɗakin naɗar sauti take shiga ta rera baiti ɗaya sau ɗari, a yi ta ɗora murya bisa murya, har ka rantse mala'iku ne suka cika coci. Ta ci kyauta a Landan, ta ci biyu a Amurka, Japanawa suka ba ta farantin zinariya, wata jami'a kuma ta kifa mata hula ta ce ta zama dakta.

"Dakta!" in ji Nabla, tana murza kullun burodi kamar shi ya yi mata laifi. "Yarinyar da ke suma in an yanka kaza."

Mijinta Condai ya leƙo ta saman jarida. "Ba irin wannan daktar ba ce, tsohuwa."

"Na san irinta. Wadda ba ta warkar da kowa."

Kyaututtukan dai da sauƙi. Abin da ke ci wa Nabla tuwo a ƙwarya shi ne waƙar da ta jawo su, mai suna "Prugi". Masana a birane sun rubuta cewa addu'a ce ta mutanen dā, tun kafin a gina coci a ƙasar. Ana sa ta a bikin aure, ana sa wa marasa lafiya a asibiti, wasu ma rufe ido suke yi suna hawaye. Amma a ƙauyensu Carrigmin ko jaririn goye ya san "prugi-prugi" kiran shanu ne lokacin tatsa. Karin waƙar kuwa na Kaka Roise ne, kakar Nabla, kuma Nabla ce da bakinta ta koya wa Sorcha shi a bayan garke suna yara. Mutanen ƙauye suka yi gum, tunda baƙi na zuwa neman tushen addu'ar, suna shan shayi suna sayen rigunan saƙa.

Da aka ce za a kafa dutse mai sunan Sorcha a filin gefen coci, Nabla ta sa rigar Lahadi ta sami Fada Manus, shugaban kwamiti.

"Layi ɗaya kawai, Fada. A rubuta cewa karin na Roise ne, daga bakin jikanyarta."

"Dutsen ƙarami ne, 'yata."

"Ya ɗauki kyaututtuka biyar da sunan kwamiti kaf, har da ma'aji."

Fada ya yi tari, ya tambayi lafiyar ƙafar Condai.

Ranar Asabar da la'asar, ranar da Sorcha ta zo bikin buɗe dutsen, kowane gida ya hura wutar maraba a bakin hanya, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya dawo da nasara. Ƙofar Nabla ce kaɗai babu hayaƙi. Wai itacenta ya jiƙe. Ba ta kuma je filin ba, duk da cewa katangar duwatsu ce kawai ta raba shi da gidanta. Wanki ta fito da shi, ta shanya dogayen wandunan cikin Condai guda huɗu daidai saitin dandamali.

Wani babba daga Dublin ya yi jawabi, ya ce "addu'ar kakanninmu" sau uku. Tsofaffin ƙauye suka duƙar da kai suna kallon takalmansu. Sannan Sorcha ta miƙe cikin doguwar riga shuɗiya, siririya kamar yadda take tun asali, ta fara rerawa, na'ura na ƙara mata muryoyi daga baya.

Daɗi kam akwai daɗi, ko Nabla ba ta musa ba a ranta. Sai dai ta ɗaga ido ta dubi tudun da ke bayan filin, inda shanun Condai tara ke kiwo. Ko kunne babu wadda ta motsa.

"Ji yadda take jan shi kamar ana jana'iza," ta ce wa wandon da ke hannunta. "Wace saniya za ta bar ciyawa saboda wannan?"

Ita dai har gobe tana rantsuwa ba ta yi niyya ba. Ta ajiye kwando, ta dafa katanga, ta cika ƙirji.

"Pruuugi! Prugi-prugi-pruuugi!"

Muryar ta tsallake kujeru da lasifika ta daki tudu ta dawo. Baƙar saniya, jagorar garken, ta ɗaga kai. Sai ga su tara reras suna gangarowa, hantsa na lilo, kuma hanyar gida tun zamanin Kaka Roise ta tsakiyar filin nan ta bi.

Kujeru suka tarwatse. Wata ta tsaya ta cinye furannin da aka tanadar wa dakta. Wata ta sakar wa babban Dublin abin da ta sakar a kan takalmi. Fada Manus ya yi ta kaɗa takardar jawabi yana cewa a kwantar da hankali. Ita kuwa Sorcha dariya take har da riƙe ciki. Ta kama makirfon, ta nuna katangar Nabla da hannu, ta yi magana mai tsawo. Baki na motsi, sauti babu. Baƙar saniya ta riga ta fizge wayar makirfon da ƙafa.

Sorcha ta tattare riga ta biyo shanun har bakin katanga.

"Nabla ta Condai! Wallahi muryarki na nan yadda na bar ta."

"Sannu da zuwa, dakta."

"Ke dai bari. Kin ji abin da na gaya musu? Na ce ga mai waƙar can. Na ce karin na Kaka Roise ne, ke kika koya min, kuma ni ko sau ɗaya shanu ba su taɓa amsa min ba."

Maganar da Nabla ta yi shekaru tana jira ke nan, kalma bayan kalma.

"Wa ya ji?" ta ce.

Sorcha ta waiga ta ga wayar tana jan ƙasa. Kafin ta buɗe baki, baƙar saniya ta ɗora mata hanci a kafaɗa, mai ɗaukar hoto ya danna, 'yan kwamiti suka janye ta zuwa mota don jirgi ba ya jira.

Ranar Litinin Condai ya shigo da jarida, ya ajiye a tebur, ya fice garke da sauri irin wanda ba a san ƙafarsa da shi ba. Hoton ya cinye rabin shafin farko: Sorcha na dariya, saniya na shinshinar ta. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe, HAR SHANU SUN AMSA KIRANTA. A can gefen dama, daf da inda aka yanke hoton, ga wata gwiwar hannu jajir da ruwan wanki a kan katanga.

Nabla ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗauko almakashi, ta yanke rubutun ta jefa a murhu, ta jingina hoton a kanta kusa da lambar azurfa.

Da mai duba mita ya zo ranar Laraba, ko jakarsa ba ta bari ya ajiye ba.

"Zo nan, ɗan nan. Sa tabaranka. Ka ga gwiwar hannun nan?"