Ƙyallen da Ta Ɗaura wa Mangwaro

Ranar wata Laraba da hantsi, matarsa ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin karatunsa, hannuwanta duk ƙasa, ta yi masa doguwar magana game da bishiyoyin bayan gida. Ya ce, "To." Bai ɗaga kai daga littafin ba. Kwana tara bayan nan aka binne ta. Da ciwon kai abin ya fara, likitoci suka raɗa masa suna mai tsawo, sunan bai hana komai ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran rubutu a wani gidan buga littattafai, har abokan aiki suka laƙaba masa Jan Biro, sunan kuma ya biyo shi gida bayan ya yi ritaya. Zai iya gaya maka shafin da yake kai a ranar nan: na ɗari biyu da sha ɗaya, a tarihin wasu mutane da suka shekara dubu a ƙasa, waɗanda da sun jira shi ko zuwa baɗi. Amma daga duk abin da matar ta faɗa, abu uku kawai suka maƙale masa a kunne: bishiyoyi, ƙyalle, da "kar ka manta".

A zaman makoki, ƙanwar matarsa ta matso kusa da shi, idanunta a kumbure, ta ce, "Yaya ta ce ta yi maka bayanin lambun."

"Ta yi," in ji shi. Ai kuwa ta yi. Bai yi ƙarya ba, abin da ya riƙa gaya wa kansa ke nan.

Damina ta zo ta wuce ba wanda ya taka bayan gidan. Ciyawa ta kai ƙirji, ƙaya ta rufe hanyar rijiya, wasu ƙananan itatuwa da ba wanda ya gayyata suka tsiro har jikin katanga. Sau biyu maƙwabcinsa yana kashe maciji a ƙofar kicin ɗinsa. A karo na biyu ya zo da gawar a kan sanda, ya yi sallama cikin ladabi, ya ce, "Malam, naka ne ya ɓata hanya, na ce bari in dawo maka da shi."

Washegari Jan Biro ya sa takalmin roba ya kutsa. Bishiyoyin mangwaro goma sha ɗaya ne, duk daga ƙwallayen da ta riƙa binnewa tun suna sababbin zuwa gidan. Mangwaro ne mai zare da tsami, wanda ko ɓarawo ba ya komawa kansa sau biyu. Biyar daga ciki, mafiya kauri, kowacce an datse mata reshe ɗaya na ƙasa, an naɗe dungun da ƙyalle shuɗi. Ya gane ƙyallen. Tsohon zanenta ne, wanda take ɗaurawa in za ta yi wanki.

Ya tsaya cikin ciyawa, sauro na cizonsa. Abu guda ta bar masa ya yi mata, kuma bai san ko mene ne ba. Ko dai waɗannan biyar take so a sare, ko kuwa su ne take so a bari.

Ya yi abin da ya iya. Ya koma ɗaki ya zaro wani tsohon littafi kan aikin gandun daji, wanda shi da kansa ya gyara wa waƙafi shekaru ashirin da suka wuce. Babi na shida ya faɗa ƙarara: bishiyar da za a kayar ita ake sa wa alama. Ga kuma rassan da ta datse, shaidar cewa ta ma fara saran da kanta, ƙarfinta ne ya gaza. Hujja biyu. Ya rufe littafin. Sai dai a hanyarsa ta zuwa wanke hannu ya ga famfon da ya lalace a tsakar gida, har yanzu da ƙyallen da ta ɗaure masa baki don kada kowa ya taɓa. Ya kawar da kai.

Shagon kayan aikin yana bayan tashar mota, tsakanin mai walda da mai sayar da taya. Ciki warin fetur da sabuwar roba. Injinan zarto suna rataye a bango, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Mai shagon ƙato ne mai fara'a, babban yatsansa na hagu guntu.

"Baba, me za a sare?"

"Bishiya. Da na zo sare kankana, da na tsaya wajen mai wuƙa."

Mai shago ya yi dariya. "Bishiya ai suna ce. Kaurinta nake tambaya." Ya sauko da wani ƙarami. "Wannan na batir ne. Ba hayaƙi, ba ƙara, hannu ɗaya ma ya ɗauke shi. Ƙaya, ƙananan itatuwa, reshen da bai wuce cinyarka ba, duk zai share maka. Akwai mai wayar lantarki, amma in filinka da nisa, rabin ranarka a warware waya za ta ƙare."

"Wancan fa?"

"Wancan na fetur ne, takobinsa inci ashirin." Ya shafa dogon ƙarfen da sarƙa mai haƙora ke zagayawa. "Ƙa'idar ita ce takobi ya ɗara kaurin gindin bishiya. In manya za ka kayar, shi ne. Amma ɗauka ka ji."

Jan Biro ya ɗauka. Kafaɗarsa ta amsa tun kafin bakinsa.

"Ka ji ko? Shi ba ya duba furfura. In bakin takobin ya taɓa wani abu, tsalle yake yi ya dawo wa fuskar mai shi." Ya ɗaga guntun yatsan. "Ni da sauƙi ya yi min, gaisawa kawai muka yi. To, manyan za ka sare ko ƙananan?"

Duk tambayar ke nan, a rataye a bango, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In ƙyallen na nufin a bari, ƙaramin ya wadatar: sauran shidan sirara ne, sai ƙaya da ciyawa. In yana nufin a sare, sai babban.

"An sa wa manyan alama," in ji shi.

"Wa ya sa?"

"Mai lambun."

"Sai ka tambaye shi mana."

"Ba ta amsa tambaya yanzu."

Mai shago ya dube shi, fara'ar ta ɗan ja baya. "Allah ya jiƙanta. Ba wanda ya sani a gida? Baba, ni shawarata, ɗauki ƙaramin. Share dajin tukuna, macizai su kama gabansu. Manyan ba inda za su je. Duk ranar da ka tabbatar, ka dawo in haɗa ka da masu sara."

Shawara ce mai kyau, abin da ya ɓata ta ke nan. Jan Biro ya shekara talatin da huɗu yana gyara wa masu digiri rubutu, ba zai tsaya mai yatsa tara da rabi ya gyara masa karatu ba. Ya laluba wayarsa a aljihu, ya tuna fuskar ƙanwar matarsa da abin da ya ce mata a makoki. In ya kira ta, tambaya ɗaya za ta yi: ashe ba ka ji ba? Ya zare hannunsa.

"Na tabbatar," ya ce. "Ba ni babban."

Mai shago bai ƙara musu ba. Ya nuna masa yadda ake gauraya fetur da baƙin mai, inda ake zuba man sarƙa, da birkin da ke tsayar da ita in injin ya yi tsalle. Ya sa shi ya ja igiyar tayarwa har sau huɗu. Ya haɗa masa da safar hannu da abin toshe kunne.

"Na kunnen ba sai ka ba ni ba," in ji Jan Biro. "Na iya wannan tun da daɗewa."

Kwana biyu ya yi yana share ƙaya da ƙananan itatuwa da injin da ya fi ƙarfin aikin. A rana ta uku da sassafe ya tsaya gaban ta farko mai ƙyalle. Ya yi mata tsaga a gefen da yake so ta faɗi, kamar yadda babi na shida ya koyar, ya zagaya baya ya yanka. Ta yi wani ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ta kwanta daidai inda littafi ya ce. Abin kunya, sai da ya ji daɗi. Ya lura da wasu 'yan ganyaye jajaye, sababbi, da suka leƙo daga cikin ƙyallen, ya ce a ransa bishiya ma ba ta son mutuwa.

Kafin azahar huɗu suna ƙasa, rana ta sauko filin da ta shekara ashirin ba ta gani ba. Da ya zo kan ta biyar hannunsa ya riga ya mutu, takobin ya zame ya ci ƙasa, haƙoran suka dakushe nan take. Ya kashe injin. Cikin shirun da ya biyo baya ne ya ji ana buga ƙofa, da alama an daɗe ana bugawa.

Ƙanwar matarsa ce, da kwanon abinci a hannu kamar yadda ta saba kawo masa duk mako.

"Mijin Yaya, yau kuma makanikanci aka koma? Tun daga bakin titi nake jin…" Ta leƙa ta bayansa. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta wuce shi ta nufi bayan gida.

Ya same ta durƙushe gaban ta farko, tana kwance ƙyallen da farce. A ƙarƙashinsa dungun reshen a tsage yake, an cusa wani siririn reshe a cikin tsagar, fatar biyun ta riga ta haɗe. Daga siririn ne jajayen ganyen suka fito.

"Aure ta yi musu," ta ce, muryarta a ƙasa. "Reshen mangwaron Inna ne. Na tsakar gidanmu, mai zaƙin nan da kake cewa a kawo maka a yanke. Da za a rushe gidan saboda titi, ni na raka ta muka yanko, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ta rungumo a mota kamar jariri. An tumɓuke uwar tun bara. Waɗannan ne kaɗai suka rage." Ta ɗago. "Ka ce ta yi maka bayani."

"Ta yi."

"To me ta ce?"

Mutumin da ke da kalma ga kowane kuskure na kowane marubuci, ya tsaya da garin katako a gira, yana kallon jajayen ganyen.

Ta miƙe ta nufi ta biyar, wadda ke tsaye da ɗan rauni a gindi. Ta kwance nata ƙyallen. Siririn reshen ciki ya bushe ƙayau, ta taɓa shi ya karye.

"Wannan bai kama ba," ta ce. "Masu rai ka zaɓa."

Can ta share fuska da gefen mayafi. "Waɗancan na ƙasa ba su mutu ba tukuna. Na ji tana cewa in an yanko reshe, a haɗa shi kafin ya sha iska. Amma ni riƙe mata tsumma kawai na yi, ban san yadda ake yi ba. Ta ce kai za ta koya wa, wai hannunka ya saba da aikin da ke son natsuwa."

Ya shiga ɗaki da takalmin robar, abin da matar ba ta taɓa yarda da shi ba. Littafin na nan inda ya bar shi. Ya buɗe babi na shida, ya juya shafi ɗaya. Babi na bakwai: yadda ake haɗa reshen wata bishiya da wata. Har da zane. A gefen shafin akwai ɗan gyara da jan biro, rubutun hannunsa, inda ya mayar da wani waƙafi wurinsa.

Ya fito da littafin da rezar aski. Suka yanko sirara huɗun, ta jiƙa ƙyallen Yayarta a bokiti ta rufe su. Ya jingina littafin a kan kututture, ya datse rassa biyu na bishiya ta biyar da ƙaramin zarton hannu da ya tarar rataye a bayan kicin, wanda ashe da shi matar ta yi nata aikin duka. Littafin ya ce a fere gindin reshen da yanka ɗaya mai santsi. Hannunsa ya gaji da girgizar inji, ya lalata na farko, ya lalata na biyu. Na uku da na huɗu suka shiga tsagar da ya yi wa dungayen, ko da yake ba kamar na zanen ba. Ya naɗe su da shuɗin ƙyallen, ya ɗaure.

"Zai kama?" ta tambaya.

"Littafin ya ce sai bayan sati uku ake sani."

"Littafin," ta ce. Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ba tare da ta juyo ba. "Abincin na nan. Ka ci, kar ya huce."

La'asar ta yi. Ya zauna a kan kututturen ta farko, injin na gefensa yana ɗigar da mai a ƙasa. Daga nan, yanzu da babu ganyen da zai tare, ana hango tagar ɗakin karatunsa, da kujerar, da bakin ƙofar da ta tsaya rannan da ƙasa a hannu. Taku huɗu ne tsakanin ƙofar da kujerar, ya sha aunawa tun daga lokacin. Ba wata babbar magana ce ta rage masa ba, ba irin wadda ake rubutawa a littafi ba. Da ma ya sa yatsa a shafin, ya ɗago, ya ce mata, "Tsaya, ban ji ba. Sake faɗa."