Kujerar Kato

Tun da na ga hoton keken nan a waya na ce akwai wata a ƙasa. Keken tura jarirai mai kujera biyu gefe da gefe, fes da shi, a ce kwatan kuɗinsa ake nema? A Kampalar nan? Haba! Garin da ko tsohon bokiti ba a bar maka da arha.

To amma ina da zaɓi ne? Wata biyu ke nan da aka yi mini aiki aka ciro 'yan biyu, Babirye da Nakato. Babirye ta zo da ƙarfinta, in ta kama nono sai na ji har ƙashin bayana. Nakato kuwa 'yar mitsila ce. Duk Talata sai na kai ta asibiti an auna ta, kuma duk Talata ma'aikaciyar sai ta dubi sikeli, ta dube ni. Ɗinkin cikina bai yarda in goyi ɗaya in rungumi ɗaya ba. Mijina Lubwama direban babbar mota ne, yana hanyar Juba, ƙanwarsa da ke taya ni ɗauka kuma ta koma makaranta. Hawa babur da jarirai biyu kuwa, Allah ya kiyaye.

Na kira Senga Nabatanzi, yayar babana, na ce ta raka ni unguwar Kisaasi mu duba.

"Keke!" in ji ta. "Ni yara tara na raina a gadon bayan nan. Ku 'yan zamani ko atishawa sai da taya."

"Senga, tara ɗin a rana ɗaya kika haife su?"

Ta yi tsaki, amma ta ɗauro gomesi ɗinta, doguwar rigarta ta fita, ta zo. A mota tana riƙe da Babirye tana mita: kayan sata ne, wata 'yar aikin gidan Turawa ce ta sulalo da shi, za a kama mu a tasha da rana tsaka.

Muna shiga gidan, wata maƙwabciya da ke shanya ta ɗaga murya: "Nalongo, ga baƙinki!" Na ɗan ji sanyi. Nalongo dai uwar tagwaye ce, ni ma sunan da ake kirana ke nan tun ranar da na haihu. Ke nan keken nata ne, ba sata ba.

Matar ta fito, doguwa, siririya, sunanta Prossy. Ta durƙusa ta gaida Senga yadda ya kamata, ta ce da ni, "Sannu da zuwa, Nalongo." Amma ko sau ɗaya ba ta dubi yarana ba. A nan hankalina ya sake tashi. Daga unguwarmu Kawempe zuwa nan, har yaron mota sai da ya leƙa fuskarsu ya yi musu wasa. Wace uwar tagwaye ce za a kawo mata tagwaye har ƙofa ta kau da kai?

Ta turo keken tsakiyar falo. Na shimfiɗe yaran a kan kujera, na duƙa a kansa. Na juya tayoyi, na taka birki, na naɗe shi na buɗe. Na kwantar da bayan kujerun, suka kwanta samɓal yadda jariri ke buƙata. Na ciro zaren da na auna faɗin ƙofarmu da shi, na gwada, ya shiga har da ragowa. Ina neman aibi ruwa a jallo, na rasa. Wallahi hakan ya fi ba ni tsoro da a ce taya ɗaya ta karye.

"Me ya sa kike sayarwa?" na tambaye ta.

"An girme shi."

"Ina yaran?"

"Wasswa yana makarantar raino."

Na jira ta ambaci ɗayan. Wasswa a wurinmu kamar Hassan ne, ba a yin sa shi kaɗai, dole akwai Kato ko Nakato a bayansa. Sai ta ce, "Bari in kawo muku shayi," ta shige kicin.

Senga ta zungure ni da gwiwar hannu, ta nuna mini bakin ƙofa da leɓe. Takalman yaro ne a jere, na makaranta, na roba, silifa. Kowanne ƙafa biyu ne, na mutum ɗaya. Mu kuwa ko tsinke za ka saya wa ɗan tagwaye sai ka sayi biyu, in ba haka ba ɗayan ya yi fushi.

Na koma kan keken da wani ido. Kujerar hagu ta sha duniya: tabon madara, ɓarɓashin biskit a lungu, an tauna bakin ɗamarar har ta yi laushi. Ta dama kuwa ko ɗigo babu, ɗamararta a sandare, kamar ba a taɓa ɗaura ta ba. Sai dai tsakiyarta ta ɗan lotsa, daidai faɗin tafin hannu. Na cusa yatsa a lungun kujerar, na ji wani abu mai tauri. Na ciro. Wuri ne, fari, da guntun zare a hudarsa.

Ba sai an yi mini bayani ba. Cibiyoyin 'ya'yana ma suna gida, surukata ta naɗe kowacce a ƙyallen ɓawon itace, ta ɗinka musu wuri. In ɗaya daga tagwaye ya tashi, don mu ba ma cewa ya mutu, wannan naɗin shi ke zama a gurbinsa.

"Tashi mu tafi," in ji Senga, murya ƙasa ƙasa. Har ta sunkuci Babirye. "Na gaya miki. So take ta juye miki abin da ya same ta. Shi ya sa ta karya kuɗin."

Prossy ta fito da faranti, ta ga wurin a tafin hannuna, ta tsaya cak.

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. "Baiwar Allah, kina kallona da jarirai, ɗaya ko kuka ba ta iya yi sosai, ki turo mini wannan ba ki ce uffan ba? Me na yi miki?"

Ta ajiye farantin a hankali. "Mata uku suka kira kafin ke, Nalongo. Duk na gaya musu tun a waya. Ba wadda ta zo."

"Shi ne ni kika ɓoye mini."

"Na ɓoye." Ta zauna a bakin kujera. "Ina da cikin wata bakwai na saye shi. Uwar mijina ta yi ta faɗa, ba a saya wa ɗan da bai zo ba kaya. Ban ji ba. Kato bai zo gidan nan ba ma, a asibiti ya tashi. Bai taɓa zama a ciki ba. Shekara biyu ina tura Wasswa a hagu, naɗin ɗan'uwansa a dama, don kada ya ce an fita yawo an bar shi. Yanzu Wasswa gudu yake yi. Ubansu ya ce in ƙone keken in huta." Ta dubi hannuwanta. "Ba masifa nake son miƙa wa kowa ba. So nake kawai a zauna a kujerar nan."

Senga ba ta sassauta ba. "Allah ya ba ki haƙuri, 'yata, amma ba da jikokina za a gwada ba." Ta juyo gare ni. "Dubi Nakato. Wannan tana da ƙarfin da za a yi caca da ita?"

Na dubi Nakato. Tana barci, ƙirjinta na ɗagawa da sauri da sauri. Gobe Talata. Na san kujera ba ta kisa, na yi karatun addini daidai gwargwado, na san kwana na hannun Allah. Na kuma san in na bar keken nan, gobe ba ni da yadda zan kai yarinyar nan awo. Tsoro nake ji, ba zan yi ƙarya ba.

"Zan saya," na ce.

"Kin haukace," in ji Senga.

Na miƙa wa Prossy wurinta, ta damƙe shi a hannu. Na ɗauki Nakato, na tsaya a gaban kujerun nan biyu. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya tafi da kansa. Na kakkaɓe ɓarɓashin biskit, na kwantar da ita a hagu, a kan tabon madarar Wasswa, na ɗaura mata taunanniyar ɗamara. Sannan na karɓi Babirye daga hannun Senga, mai ƙarfin, mai kumatun, na sa ta a kujerar Kato. Ɗamarar ta ƙi lanƙwasa, sai da na matsa ta ɗauru.

Na ɗago, muka haɗa ido da Prossy. Ta ga abin da na yi sarai. Kunya ta rufe ni, na buɗe baki in ce wani abu.

"Bari," in ji ta. "Ni ma da haka zan yi."

Sai a lokacin ta dubi yaran. Ta daɗe tana kallon ƙafafun Babirye suna harbin iska a kujerar dama. Ta ce, "In tura muku zuwa bakin titi?"

Ta tura, muna biye. Maƙwabciyar nan ta bar shanyarta ta bi mu da ido. A bakin titi Prossy ta ce, "Ya fi nauyi," ta saki, ta juya gida da sauri ba ta waiwayo ba.

Washegari na tura su asibiti da ƙafa. Tun da na haife su, Nakato nake tashi dubawa, Nakato nake sa wa kunne a ƙirji. Babirye ban taɓa jin ɗar a kanta ba ko sau ɗaya. Ranar nan kuwa ba na yin nisa sai in taka birki, in zagaya dama, in sa yatsa a ƙarƙashin hancinta. Ita tana ta barcinta, ba ta san abin da uwarta ta yi da ita ba.