Tiren Yemista a Ranar Lahadi

Fotini, 'yata, ta ce za ta zo ranar Lahadi ta ci yemista, abincinmu na Girka, wato tattasai da tumatir da ake cusa wa shinkafa a gasa. Na san ba ci ne zai kawo ta ba. Tun da na faɗi a matakala na karya wuyan hannu, ita da mijinta suka share mini ɗaki a gidansu na birnin Atina, hujjar kwashe ni daga garinmu Volos kawai suke jira. In ta tarar da tire a kan tebur, na ƙara shekara a gidana. In ba ta tarar ba, sai dai in yi sallama da maƙwabta.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi, don haka ban ruɗi kaina ba. Tattasai takwas, tumatir shida, dankali, shinkafa, man zaitun, ga tiren ƙarfe da na gada wurin uwata: kilo biyar ke nan. Hannuna ko kilo biyu ba ya ɗauka. Sai na yi dabara. Na sa tiren a cikin obin ɗin gashi ba komai a kansa, na jawo 'yar kujera na zauna, na riƙa jera su ɗaya bayan ɗaya.

Kowane tattasai na yanke masa kai, na ƙwaƙule 'ya'yan, na zuba ɗanyar shinkafa da albasa da na'a-na'a, na mayar masa da hularsa. Ban cika har baki ba, domin shinkafa tana kumbura. Wannan kam gaskiya ne. Alamar gicciye da uwata take yi wa tire kuwa, na gwada da ita, na gwada ba ita, ɗanɗanon ɗaya ne.

Bayan awa ɗaya da rabi na dawo in kwarara musu romo da cokali. Ina sunkuyawa kujerar ta zame, sai ga ni zaune daɓas a ƙasa. Ban ji ciwo ba. Na miƙa hannu na kashe obin, sannan na yunƙura. Gwiwa ta ƙi. Na dafa ƙasa da hannun da ya karye, ya ce ba da shi ba. Na ja jiki zuwa ƙafar tebur na kama, teburin ne ya taho wurina.

Ina nan zaune sai na ji ana ƙwanƙwasa taga. Stamatia ce, maƙwabciyata, ta taso daga coci.

"Malama, ƙamshin nan har bakin titi. Wa kike neman kashewa da yunwa?"

"Ki wuce, Stamatia, ba da ke aka dafa ba."

"Ina kike ne? Muryarki kamar daga cikin rijiya."

"Ƙasa nake gogewa."

"Ranar Lahadi? Ke dai boko ya gama da ke."

Kalma ɗaya zan faɗa ta zagayo ta ƙofar baya ta ɗaga ni. Amma abin da Stamatia ta gani da rana, Atina ta ji shi kafin yamma. Na saurari takunta har ya ɓace. Daga baya na yi da-na-sani, na kira sunanta sau biyu. Ta riga ta shige gidanta.

Daga inda nake ina hango su ta gilashin obin. Hulunan sun yi baƙi-baƙi a gefe, daidai yadda ake so. Ban taɓa yin waɗanda suka kai su kyau ba.

Ƙarfe biyu saura na ji mabuɗi a ƙofa. Fotini ta tsaya a bakin kicin, jaka a kafaɗa.

"Mama, tun yaushe?"

"Jira nake ta huce. Kowa ya san yemista ba a cin ta da zafi."

"Ke da kike cewa malalatan mata ne suka ƙirƙiro wannan magana."

Ta sa hannu a hammatata ta ɗaga ni kamar matashin kai. Ta naɗe tsumma a hannu, ta zaro tiren da ja ɗaya, ta dire shi a tebur. Ta yanko cuku da burodi, ta ci tattasai biyu, ta ƙara na uku, ta suɗe man da burodi. Ba ta yi mini faɗa ba, ni kuwa faɗan na shirya wa amsa.

Da ta gama wanke faranti ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Babban akwatin nan na tafiya yana ina?"

"Yana saman kabad," na ce. "Sai dai ki hau, ni ba na kaiwa."