Dariyar da Ke Kayar da Ita

Tana cikin goge wata farar riga a shagon guga sai Dogo, abokin aikinta, ya fara kwaikwayon tafiyar mai shagon, ya turo ciki gaba yana gyaran murya. Ta cije leɓe, ta kau da kai. Da ya ƙara da tarin mutumin, sai dariya ta ƙwace mata. Nan take gwiwoyinta suka saki, wuyanta ya langaɓe, ta zube tsakanin teburan guga.

Idonta a rufe yake, amma tana jin komai.

"Ta tafi! Ɗauke ta a waya, ɗauke ta!" in ji Dogo.

Wani ya matso da waya yana ƙyaƙyatawa. Tana jin ƙaurin rigar da dutsen guga ke ci, amma ko yatsa ta kasa ɗagawa.

Kafin ƙarfinta ya dawo mai shago ya shigo. Ya ɗaga rigar, ya leƙo ta ta cikin ƙunar.

"Ranka ya daɗe, ciwo ne," ta ce tana dafa tebur. "Likita ya ce akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, oreksin, shi ke riƙe mutum a farke. Nawa ne ya yi ƙaranci. In na yi dariya jikina saki yake. Sun sani, da gangan suke yi."

"To, ƙwaƙwalwar taki zan nuna wa mai riga? Je ki gida ki faɗi da hujja. Kada ki dawo."

Bidiyon ya riga ta isa gida. Ta tarar da mijinta a falo riƙe da waya, kafaɗunsa na rawa.

"Wallahi ba ke nake wa ba," ya ce yana share hawaye. "Yadda kika tafi ɗin ne, kamar buhu."

'Yarsu ƙarama ta sauko daga cinyarsa. "Mama, kalle ni!" Ta saki jiki ta faɗi a kan darduma, ta zaro harshe, ta buɗe ido ɗaya tana leƙen uwar.

Abin da ban dariya. Ta ji gwiwoyinta sun fara sanyi. Ta damƙe ƙyauren ƙofa, ta ɗaure fuska tamau, ta kafe yarinyar da ido. Murmushin yarinyar ya dusashe a hankali, bakinta ya karkace, ta fashe da kuka ta ruga bayan ubanta.

Ta saki ƙyauren, ta wuce ɗaki da ƙafafunta.